Zaure a Hawa na Biyu

Ni Kallamu, mai sayar da turare a kasuwar Kurmi, ban je Guangzhou ta ƙasar Chana don fatauci ba. Yanar ido ce ta kai ni. A shekarar dubu biyu da shida ta rufe mini idon hagu, ta soma cin na dama, har na fara zuba wa mutane miski a madadin ambar. Surukina Mas'udu, mijin autata Nana Hafsat, wanda ke loda kaya daga can zuwa Kano, shi ya aiko mini da tikiti. Na ji nauyin sauka a gidan suruki, amma tsoron makanta ya rinjaye ni.

Likita ya yi aikinsa, aka kwance bandeji, sai ga duniya ta dawo mini tar. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare da 'yan izu kaɗan ba, amma tun ina yaro ni mai tsayawa ne kallon abin da kowa ya wuce. To yanzu ga sababbin idanu, ga garin da ban taɓa gani ba. Kullum da hantsi sai in ɗauki lema in fita kallon gine-gine.

A unguwar Tianhe na ga benen da kansa ke shiga gajimare ya ɓace, da wasu biyu gajeru a gefensa kamar uwa ta fito da tagwaye. Na ga banki da zakuna biyu na dutse a ƙofarsa, ɗaya ya taka ƙwallo, ɗaya ya taka ɗansa. Na bi titunan da aka ɗora benaye kan ginshiƙai har hanyar ƙafa ta zama rumfa, ka yi ta tafiya ana ruwa ko ɗigo bai taɓa ka ba. Shaguna da yawa suna ajiye da akwatin gilashi cike da jajayen kifaye, kuma na bincika, ba cin su ake yi ba. In na dawo gida in ba Nana labari, sai ta ce, "Baffa, mutane na zuwa Chana su koma da kwantena, kai da kifin mutane za ka koma a ka."

Gidan da suke haya tsohon bene ne a wani lungu na unguwar Xiaobei. Suna hawa na biyu, kuma wannan ba ƙaramar sa'a ba ce, don benen ba shi da lif, Nana kuwa tana da tsohon ciki, ƙafafunta sun kumbura. Zafin garin irin mai danshi ne, mai manne wa mutum riga a baya. Na'urar sanyaya ɗaki tana sa ta tari, saboda haka ƙofar gidan a buɗe take wuni, iska ta shigo ta ƙofa ta fita ta taga. Ni ma hakan ya fi mini. A wurinmu gidan da aka rufe da rana, ko dai mutanensa sun yi tafiya, ko kuma marowata ne.

Ƙofarmu tana kallon ƙofar maƙwabta daidai wa daida, tsakani 'yar siririyar baranda ce kawai. Wata 'yar tsohuwa ce a ciki, kowa na ce mata Apo, tare da mijinta da ciwo ya kwantar. Duk sanda ta fito ta ga ƙofarmu a hangame, da takalman baƙin Mas'udu a zube, sai ta yi gunaguni ta buga tata da ƙarfi. Na ɗauka halin tsufa ne.

Wata safiya, lokacin Mas'udu ya tafi tashar jiragen ruwa ta Huangpu kan maganar kwantenarsa zai kwana biyu, na ga Apo ta hau kujera tana rataye wani abu a saman ƙofarta. Madubi ne ɗan ƙarami a tsakiyar katako mai kusurwa takwas, an shafa masa ja da kore, an zana gajerun layuka da dogaye a kewaye. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba.

"Nihau, Apo!" na gaishe ta da yarensu, na ɗaga mata babban yatsa.

Ta dube ni, ta sauko, ta shige.

Na zauna ina tunani. A lungunmu na Yakasai, in maƙwabci ya yi wa bangonsa sabon yaɓe da zane, kai ma sai ka yi wa naka, don kada ka bar kwalliyarsa ita kaɗai kamar ba ka gani ba. Ga baranda yanzu gefe ɗaya da ado, gefe ɗaya tsirara. Kuma wa ya sani, ƙila abin da ke damun tsohuwar ke nan, ta ga baƙin nan ba su damu da kyan wuri ba. Na sa takalmi na nufi wani shago da na taɓa gani, inda ake sayar da turaren tsinke da jajayen takardu. Mai shagon ya ɗauko mini ɗan ƙarami.

"A'a, lauban," na ce, wato maigida a yarensu, ina ware hannuwa. "Babba."

Ya yi mini wata doguwar tambaya, yana nuna ƙofarsa yana nuna ta wancan ɓangaren titi. Na gyaɗa kai, don na ga alamar ya gane ni. Ya kaɗa kai ya shiga ciki, ya fito da wani mai faɗin faranti. Na kawo na buga ƙusa na rataye shi, yana kallon nata ido da ido. Baranda ta yi fes.

Washegari Apo ta ƙara almakashi a ƙasan madubinta, baki buɗe. Wannan ya ba ni mamaki, amma kowace ƙasa da irin adonta. Na shiga na lalubo na Nana.

"Baffa, ka ga almakashina?"

"Yana aiki," na ce.

Kwana ɗaya bayan nan ta rataye kaskon suya, baƙin gindinsa na fuskantarmu. Ina tsaye a kicin ina auna tukwanen Nana da ido, ina neman wadda ba za ta yi saurin cigiya ba, sai na ji sallamar Mas'udu. Bai shigo shi kaɗai ba. Tare yake da mai gidan, Lauban Chan, fuska a murtuke, da kuma Ikram, wata 'yar Damagaram ƙawar Nana da ke karatun likita a garin, wadda ke jin yarensu kamar a nan aka haife ta.

Ikram ta tsaya a baranda ta dubi ƙofar can, ta dubi tamu. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne," na ce. "Ya yi kyau ko?"

"Wayyo Baffa! Ai yaƙi kake yi da tsohuwar nan, kai ba ka sani ba."

Muka zauna ta warware mini. Mutanen nan suna da wani ilimi na zaman gida da suke kira fungshui, wato iska da ruwa. A wurinsu ƙofa baki ce. In baki biyu suka fuskanci juna, wanda ya fi buɗewa shi ke haɗiye rabon ɗayan, lafiyarsa da arzikinsa. Tun da muka fara barin ƙofa a buɗe Apo ke ganin muna zuƙe numfashin mijinta. Madubin nan ba ado ba ne, garkuwa ce, tana mayar da sharri inda ya fito.

"Kai kuma ka kawo wanda ya ninka nata," in ji Ikram. "Ka ce mata ke nan, ya koma miki, har da ƙari. Ta sa almakashi ta yanke, kai ma ka yanke. Ranar kuma zazzaɓin tsohon ya tashi."

"Da tukunya zai rama yau," in ji Nana. "Na gan shi yana zagaya ta."

Babu wanda ya yi dariya, don Lauban Chan ya fara magana. Apo goggonsa ce. Ta yi masa kuka, ta ce ko mu ko ita. Mu tashi kafin ƙarshen wata. Yana da wani ɗaki a wani benensa, can ƙololuwa, shi ma ba lif. Mas'udu ya san lokacin babban baje koli ne, gari ya cika, kuma ba kowane mai gida ke karɓar baƙar fata ba. Na dubi ƙafafun Nana. Hawa biyun nan ma sai ta huta a tsakiya take gama su.

Mas'udu ya ce za mu riƙa rufe ƙofa. Aka tambayo Apo, ta ce ƙofar da baƙi ke bugawa daga safe zuwa yamma ba rufaffiya ba ce. Ikram ta yi ta lallashi da yarensu, har ta samo abu guda: ranar Asabar malamin Apo na fungshui zai zo gyara barandar. In ya ce ana iya zama a haka, mun zauna. In ya ce a'a, mu kwashe.

Da suka tafi, Mas'udu ya durƙusa gefena, idonsa a ƙasa. "Baffa, ka yi haƙuri, amma abin nan camfi ne. Madubi ba ya korar komai, ba ya jawo komai."

"Na sani, Malam. Allah ne mai yi. Amma tsoron da tsohuwar ke ji ba camfi ba ne, na gan shi a idonta. Ni ne dai na karanta shi a juye."

Na sauke madubina, na mayar wa Nana almakashinta.

Ranar Juma'a na yi salla a Masallacin Huaisheng. Na daɗe ina kallon hasumiyarsa, doguwa, zagayayya, ba zane ba ado, kamar an kafa ƙaton alli a tsakiyar gari. Da aka watse ban iya komawa gida na ga kwalayen da Mas'udu ya fara tarawa ba. Na miƙe yamma, na shiga tsofaffin lunguna inda mota ba ta shiga, inda aka shanya wanki a kan gora daga taga zuwa taga.

A nan na ga gidaje masu ƙofa uku a mashiga ɗaya. Ta waje gajeriya ce, iyakarta ta tare idon mai wucewa. Ta tsakiya sanduna ne na katako a gicciye, kamar tsani, ana tura ta gefe. Ta ciki ita ce babbar, kuma a buɗe take. Na tsaya ina ƙirga sandunan da ido kamar wawa. Wani tsoho da ke zaune da singileti yana fifita ya lura da ni. Ya yi murmushi da haƙoransa biyu, ya tura sandunan, ya yafito ni.

Na shiga, amma ban ga cikin gidan ba. Allon katako ne a gabana, an sassaƙa masa tsuntsaye da furanni, ya tare hanya. Dole na karkata hagu. Ina karkatawa wata sanyayyar iska ta shafo mini wuya, sai ƙafata ta tsaya.

Na san wannan karkatar. Jikina ya san ta tun kafin in san sunana. Gidan kakata Fasuma ne a Yakasai: ka shiga zaure ta gabas, ƙofar fita tana can kusurwa, ka karya ka shiga soro na biyu, ka sake karyawa kafin ka ga tsakar gida. Ba a taɓa rufe ƙofar gidan nan da rana ba, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa a titi ya hango tukunyar kakata. Iska ma sai ta yi sallama ta karkata kafin ta shiga. Ashe maginan can da na nan, da ba su taɓa jin labarin juna ba, abu ɗaya suka ƙi: hanya miƙaƙƙiya daga titi zuwa cikin gida. Masu benayen zamani ne suka manta, nasu da namu.

"Shiyeshiye!" na yi wa tsohon godiya da yarensu, na kama hannunsa da hannu biyu ina girgizawa. "Shiyeshiye, ɗan'uwa!" Ya yi ta dariya, bai san me ya ba ni ba.

A hanya na tsaya inda ake gyaran wani bene, an kewaye shi da gora tun daga ƙasa har sama. Na nuna wa ma'aikatan guntayen da suka zubar, suka ce in kwasa. Na sayi tabarmin gora manya da igiya. Haka na ratsa Xiaobei da kaya a ka, 'yan kasuwarmu na leƙowa daga shaguna.

"Baffa, kwantenar ce ta iso?"

"Ita ce," na ce. "Ku matsa."

Mas'udu bai tambaye ni komai ba, ya tuɓe riga ya riƙe mini gora. Muka kafa katanga a cikin falo, taku kaɗan daga ƙofa, daga ƙasa har ta wuce kan mutum, muka bar mashiga a kusurwar hagu. Bayanta muka ƙara wata gajeriya, yadda sai an sake karyawa dama. Na shimfiɗa tabarma a fili na farko, na ajiye buta, na kwashe takalman baranda na jera su ciki.

Nana na kishingiɗe tana kallonmu. "Baffa, ka cinye mini rabin falo."

"Zauren kakata ya fi ɗakinta girma."

"Kakarka ba ta da firji."

Ana cikin haka wani abokin Mas'udu ya yi sallama. Nana ta zabura tana laluben mayafi kamar yadda ta saba, sai ta tsaya. Baƙon na zaune a tabarma bayan katanga, ba ya ganinta, ba ta ganinsa. Ta koma ta kishingiɗa a hankali, ta miƙe ƙafafu.

"To," ta ce. "A bar shi tukuna."

Asabar da hantsi malamin ya zo. Na zaci zan ga mai dogon gemu da babbar riga. Sai ga wani mai tumbi da 'yar shat, wayar hannu a ɗamara, ya jingine kekensa a ƙasan bene. Amma da ya buɗe jaka ya fito da kayan aikinsa, sai ga faifan katako ja, da'ira cikin da'ira, duk rubutu, da allura a tsakiya tana rawa. Na zaro ɗan kamfas ɗina na alƙibla na miƙa kusa da nasa. Alluran biyu suka kwanta layi ɗaya. Ya dube ni, na dube shi.

Apo na tsaye a ƙofarta, hannu a harɗe. Lauban Chan na duba agogo. Malamin ya auna ƙofarta, ya juyo ga tamu, wadda na bari a buɗe da gangan. Ya ga tabarmar gora a tsaye. Ya ɗaga gira, ya shiga, ya karya hagu, ya karya dama, ya ɓace. Can ya fito ya faɗi wata magana.

"Ya ce ido dai an tare shi," in ji Ikram. "Amma iska fa? Ya ce tabarma ba bango ba ce."

Iska kuwa, shekara arba'in ina sana'ar bin ta. Na ce Nana ta miƙo mini kaskon turare. Na zuba garwashi, na barbaɗa turaren wuta na Barno da na zo mata da shi, na ajiye a tsakiyar baranda, na ce kowa ya tsaya cik.

Hayaƙin ya tashi siriri. Ya karkata ya nufi ƙofarmu, na ji Apo ta ja numfashi. Ya shiga ya tarar da katanga. Bai ratsa ba. Ya taru a zauren ya yi ta juyi a hankali kamar baƙon da ke jiran a yi masa iso, wani sashe ya silale ta kusurwar hagu, sauran ya kewayo ya fito, ya bazu a baranda, har ya leƙa ƙofar Apo.

Malamin ya bi shi da ido har ƙarshe, sannan ya buga cinyarsa ya fashe da dariya. Ya juya ga Apo yana magana da sauri, yana zana lanƙwasa da hannu.

"Me ya ce? Ikram, me ya ce?"

"Ya ce bakin nan ya daina haɗiya. Ya ce iskar da ke gudu ita ce mai cuta, wannan kuwa yawo take yi. Ya ce ko shi abin da zai sa a yi ke nan." Ta saurara. "Yana tambaya wane malami ya koya maka."

"Ki ce masa Fasuma."

"Ya ce a wace makaranta take?"

"Yakasai. Bayan rijiya."

Malamin ya maimaita, "Ya-ka-sai," ya gyaɗa kai da girmamawa, kamar ya taɓa jin labarin wurin.

Apo ba ta yarda da baki ba. Ta tsallako baranda, karo na farko tun zuwana, ta shiga zaurena, ta karya hagu, ta karya dama. Ba ta fito ba. Na leƙa. Tana tsaye gaban Nana tana kallon ƙafafunta, sai ta fara faɗa, tana nuna Mas'udu da yatsa.

"Ta ce wane irin miji ne zai bar mace haka ba matashi a ƙarƙashin ƙafa," in ji Ikram. Mas'udu ya ruga neman matashi.

Daga can gidan muka ji muryar mijin Apo, a shaƙe, yana kira. Apo ta amsa masa da ƙarfi, ta juyo ta nuna kaskon turarena. Wai yana tambaya ƙamshin mene ne, a matso masa da shi. Na ɗauka da kaina na kai har bakin gadonsa.

Da na fito na tarar ta jawo kujera. Na riƙe mata, ta hau. Ta sauke kaskon suya tana gunaguni, Ikram ta ce wai dama tana buƙatarsa, tun da aka fara rigimar nan a tukunya take soya kifi. Ta sauke almakashi. Ta daɗe tana kallon madubin, sannan ta cire shi ta sa a aljihun riga.

Lauban Chan ya ɗaga hannu biyu. "Meyo wanti," ya ce. Wannan ko ni na gane: babu matsala. Nana ta rangaɗa guɗa daga bayan katanga, har malamin ya firgita ya kusa yar da faifansa. Mas'udu ya kwashe kwalayen ya sauka da su ƙasa, yana tsallake matakala bibbiyu.

Da Nana ta haihu, a gidan aka dawo da jaririyar, hawa biyu kawai. A zauren nan aka yi addu'ar suna, maza cike har baranda, ƙofar Apo a buɗe don a sami wurin zama. Ta kawo dafaffen ƙwai da aka rina ja, cike da kwano. Mutanen hawa na uku suka sauko suka duba katangar, suka auna ta da hannu, bayan mako guda na ji ana jan gora a kan matakala.

Babban madubin na taho da shi Kano, yana nan a rumfata a Kurmi, mata na gyara ɗaurin kallabi a ciki in sun zo sayen humra. Kafin in buga masa ƙusa sai da na tsallaka rumfar Isufu mai kayan yaji da ke fuskantata, na tsaya a bakin ƙofarsa na duba da kyau, sannan na dawo na karkatar da shi hagu.